Abin da Ya Faɗo Bayan Silame

Ƙofar Atiku, Sakkwato
Watan Zulƙida

Zuwa ga maigidana, Baban Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da so da bege, ina fata wagga takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ya karatu, ya baƙunta, ya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah Shi jiƙan Inna, Shi haskaka makwancinta, Shi kyautata namu zuwan. Mu nan lafiya muke, sai zafin Sakkwato da ka sani, wanda ko ruwan randa sai an bari ya huce kafin a sha.

Kar ka yi mamakin ganin rubutun hannuna. Na gaji da waya ne. In na kira ka, lafiya lau ce farkon magana, lafiya lau ce ƙarshenta, a tsakani sai ƙarar fankar ɗakinka ta Maleshiya nake saurare. In na ce ga Ummi ka ji gwarancinta, ka ce malaminku na jira. Shi ya sa na yago takarda a littafin shirin darasina, in na gama in ɗauke ta hoto in turo maka. Ka karanta lokacin da ka ga dama, amma ka karanta har ƙasa.

Ummi ta fara zama, haƙoran ƙasa sun ɓullo, kuma duk wanda ya shigo gidan nan sai ya ce goshinka ta kwaso. Ni da na sha wahalar ɗaukarta ko kunnena ba ta ɗauko ba. Sunan mahaifiyarka gare ta, ga goshinka, kai kuwa ba ka taɓa jin nauyinta a hannunka ba.

Ga abin da ya zaunar da ni rubutu. A bakin yayarka Zainaba na ji wai ba ka zuwa dogon hutun bana. A bakinta fa, ba a naka ba. Ta ce ka ce ba za ka iya shigowa gidan nan ka tarar babu Inna ba, tunda ba ka ga jinyarta ba, ba ka ɗauki makararta ba, gara ka zauna can har ka gama. Har ka gama! Shekara biyu nan gaba ke nan. Na san abin da ke cinka, wallahi na sani, ba ni kuma raina shi. Ni ke zaune gefenta a kwanakin ƙarshe, kullum tambayarta ɗaya, ƙarfe nawa ne yanzu a garin autana, ya ci abinci kuwa. Ba ta taɓa cewa ka yi mata laifi ba. Amma mu da muka rage fa? Ina kewarka, Baban Ummi, kewar da har kunyar faɗinta nake ji a gaban mutane, sai in ce musu zafi ne ya ramar da ni.

Shekaranjiya abokinka Jamilu ya rufe shagonsa na gyaran waya a Gidan Igwai ya zo gaishe mu, hira ta kai mu ga balan-balan ɗinku. Ina za ka manta da shi, abin da kuka yi shekaru kuna haɗawa a zauren gidan nan, kuka cika mana waje da tarkacen wayoyi da warin dalma. Ƙaton balan-balan da za a ɗura wa iskar gas, a rataya masa ɗan akwatin farin soso mai kyamara a ciki, ya hau inda ko jirgi ba ya kaiwa ya ɗauko hoton Sakkwato, in ya fashe akwatin ya sauko da 'yar lema. Ana gab da tafiyarka kuka sake shi a gonar kawunka ta Dundaye. Ni ciki ya yi nauyi ban je ba, Inna ce ta shiga keke-napep ta bi ku, wai sai ta ga abin da ya hana autanta cin abinci. Ya tashi lafiya, iska ta yi yamma da shi, 'yar na'urar da ke turo muku inda yake ta yi shiru a bayan Silame, don can babu sabis. Kuka yi ta kutsawa cikin dawa da fadama, kuka dawo da ƙaya a ƙafa, ka hau jirgi ka bar shi.

To Jamilu ya faɗi wata magana da ta hana ni sukuni. Ya ce tun akwatin na ƙasa kuka kunna kyamarar, ta daɗe tana ɗauka kafin ku sake shi, kuma duk tsawon lokacin Inna na tsugune a gabanta tana yi muku surutu da addu'a, ba ta san ana ɗaukarta ba. Ka san Inna da hoto. Ranar bikinmu mayafi ta ja ta rufe fuska. Abin da ta bar mana sai na katin ɗan ƙasa, wanda ta runtse ido kamar za a yi mata allura. Ke nan in akwatin nan yana duniya, fuskar Inna na ciki, da muryarta, tana dariya.

Ni dai zan neme shi. Tambayata ɗaya ce, in na samo shi za ka zo?

Ka gaida abokan zamanka. Ummi ta miƙo hannu za ta yaga takardar, bari in tsaya nan.

Taka har kullum,
Rahama


Ƙofar Atiku, Sakkwato
Watan Muharram

Baban Ummi,

Sallama da gaisuwa irin ta wadda ta yi fushi ta huce. Ya jikinka, ya murar da ka ce ta kama ka? Ka riƙa shan citta, ka rage sanyin nan na ɗakin karatunku. Mu lafiya lau, damina ta zauna, kwatar ƙofar gida ta cika kamar kowace shekara.

Amsarka ta iso, layi ɗaya, wai in bar wahalar da kaina, ruwa ya daɗe da cinye shi. Tambayar da na yi kuwa ka tsallake ta ka wuce. Ba komai. Babbar Sallah ta zo ta tafi, Yaya Zainaba ta aiko mana da cinya, na soya na ajiye maka rabonka cikin mai yadda Inna ke yi. Sai da na rufe tukunyar na ga wautata, na kwashe na aika wa maƙwabta.

Damina ta fi kowane lokaci tuna mini da kai. In hadari ya haɗo daga gabas sai in ga kamar kana tsaye tsakar gida, hannu a ƙugu, kana faɗa mini sunan kowane girgije da nisansa, shanya na jiƙewa a bayanka ba ka ko waiwaya ba. A da faɗa nake yi maka. Yanzu ni ce ke tsayawa ina kallon sama har ruwa ya sauko, maƙwabciyarmu na ƙwala mini kira ta kan katanga in kwashe kayan Ummi.

Mun fara nema. Jamilu ya zauna gaban kwamfuta ya lissafa iskar ranar, ya zana mini da'ira a taswira ya ce cikin nan ya faɗi. Na duba da'irar, ta haɗiye ƙauyuka da gulbi da fadamar da ko wata aka yi ana yawo ba a gama ta. Muka ba da cigiya a rediyo. Kai, da ka ga abin da mutane suka kwaso mana! Wani ya zo da matacciyar fitilar sola, wani da kan fanka, wata tsohuwa ta aiko da fasasshiyar kular ƙanƙara wai daga sama ta faɗo bayan ɗakinta. Jamilu ya ce na mai da masa shago bola.

Sai ranar Juma'a na je gidanmu, na tarar yayana Kabiru ya dawo daga sayen shinkafa yana ba su Baba labarin dariya. Wai a wata kasuwar ƙauye bayan Silame akwai wani tsoho, Malam Maccido, da kowace ranar kasuwa sai ya tsaya bakin masallaci bayan azahar ya ɗaga murya, yana cigiyar mai wani abu da ya faɗo daga sama cikin gonarsa. Tun kakar bara yake yi. Ba ya faɗin kamannin abin, ya ce mai shi ne zai faɗa. 'Yan kasuwa har sun laƙa masa Malam Mai-lema, in ya taho sai su riƙa duban sama suna kare kai. Kowa na dariya, ni kuwa kofin da ke hannuna ya suɓuce.

Baba ya tsawata musu, ya ce ba abin dariya ba ne, hukuncin tsintuwa tsohon ke bi. Wanda ya tsinci kaya zai yi shekara yana cigiya, in mai shi bai zo ba, yana iya ba da shi sadaka da sunansa. Shekarar kuwa a watan Maulidi take cika. Yaya Kabiru ya ce mai gyaran rediyon kasuwar ya riga ya roƙa a ba shi. Ka san abin da zai yi masa, zai farke shi ya ciri abin da ya ga dama ya zubar da saura.

Za mu tafi da zarar ruwan gulbi ya ɗan ja baya. Ban nemi izininka a waya ba, don na san muryar da za ka hana ni da ita. A nan nake nema. Da Yaya Kabiru za ni, da Jamilu, kuma in ka yi shiru na ɗauka ka yarda. Shirun dai ka iya shi.

Allah Shi tsare mini kai, Shi ba ka sa'ar karatu.

Matarka,
Rahama


Ƙofar Atiku, Sakkwato
Watan Safar

Baban Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta aiki. Mun je mun dawo lafiya, sai ciwon baya da ƙaiƙayin cizon sauro. Akwatin kuwa ban zo da shi ba. Bari in ba ka labarin daga farko, kar in fara da kuka.

Motar Yaya Kabiru ta kai mu inda kwalta ta ƙare, muka hau babura, daga nan sai kwalekwale, Ummi na bayana tana ta ɓangala wa ruwa dariya, ni kuwa babu addu'ar da na sani da ban karanto ba. Malam Maccido siririn dattijo ne, gemu fari tas, rigarsa wankakkiya amma ta sha ɗinki. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a gindin tsamiya, matarsa ta damo fura. Sai da muka sha muka huta sannan ya ba mu labari. Ya ce yana cikin shinkafarsa rana ta fara ɗagawa ya ga abu na saukowa a hankali da jar lema, ya zauna kan tudun gona kamar an ajiye shi da hannu. Ƙauyen ya watse. Ka san halin da ake ciki ta wajajen nan, wasu suka ce bam ne, wasu suka ce kayan leƙen asiri, samari suka ce a jefa masa wuta daga nesa. Shi ya hana, ya ɗauka ya kai rumbunsa.

Daga nan ya ce to, mai kaya shi faɗi mazubin kayansa da maɗaurinsa, haka malamansa suka karantar da shi. Jamilu ya gyara zama ya zubo bayani. Farin akwatin soso, naɗe da salatif, ga lambar waya rubuce ɓaro-ɓaro a samansa, a ciki akwai kyamara da batir da kaza da kaza. Tsohon ya bari ya gama tsaf. Ya ce abin da ke ciki bai sani ba, don bai buɗe ba, ba a buɗe amana. Na waje kuwa, abin da ke rumbunsa ba fari ba ne, kuma bai ga lamba ko ɗaya ba, da ya gani da tuni ya sa an kira. Jamilu ya ce to jar lemar fa? Tsohon ya ce lema duk ƙauyen sun gan ta har da awaki, kuma shi da bakinsa ya faɗe ta yanzu.

Jamilu ya nuna hoton akwatin a wayarsa, ya yi rantse-rantse, daga baya ya yi kuskuren ambaton tukuici. Nan fuskar tsohon ta rufe. Ni kuwa ga rumbun ina gani, taku kaɗan ne tsakaninmu, Inna na ciki. Wallahi sai da na ji kamar in sauke Ummi in haye in ɗauko, in ya so a kai ni gaban alƙali. Na buɗe baki na faɗa masa fuskar surukata ce a ciki kuma ta rasu, na faɗa masa ɗanta na wata ƙasa bai ga gawarta ba, hawaye suka ci ƙarfina. Ya yi mata addu'a mai tsawo, idonsa shi ma ya kawo ruwa, amma bai motsa daga inda yake ba. Ya ce wasu sun riga mu zuwa, kowa da nasa labarin mai ban tausayi, in da hawaye ake karɓa da bai kai yau a hannunsa ba.

Na taso ina jin haushinsa kamar in fashe. Kuma na san da ba irinsa ne ya tsinta ba, da babu abin da za mu zo nema. Abu biyun nan suka yi ta kokawa a raina har bakin ruwa.

Muna tsakiyar gulbi Jamilu ya dafe kai ya rafka salati, har mai kwalekwalen ya firgita. Ya ce ya tuna. Wai Inna ta tambaye ka ko can sama akwai sanyi, ka ce mata ya fi cikin firiza. Ta ce a'a, ba a tura abu cikin sanyi tsirara, ta jawo wani ƙyalle ta naɗe akwatin ta ɗaure, kai kana dariya kana gyara wa idon kyamarar kafa. Shi a lokacin hannunsa biyu na riƙe da wuyan balan-balan, iska na fizgarsa, bai kula da launin ƙyallen ba, bai kuma taɓa kawowa a ransa cewa ta rufe lambar ba. Ka ji fa. Ku kuna jiran a kira waya, ashe Inna da tausayinta ta lulluɓe lambar don kar akwati ya ji sanyi. Na yi dariya har na koma kuka, Yaya Kabiru na ce mini in zauna daidai kar in kifar da mu.

Yanzu magana ta dawo gare ka. Duk duniya kai kaɗai ka rage da ka ga abin da ta naɗe shi da shi. Na san ba ka son komawa wannan safiyar, shi ya sa kake gudun duk hirar da ta nufi can. Amma watan Maulidi ya kusa tsayawa, tsohon nan kuma na ga irinsa, ba zai ƙara kwana ɗaya a kan abin da ya faɗa ba. Don Allah ka zauna, ka rufe ido, ka koma Dundaye, ka gaya mini abin da ka gani.

Ina jiran amsarka, ba ta layi ɗaya ba.

Mai begenka,
Rahama


Ƙofar Atiku, Sakkwato
Ƙarshen Safar

Masoyina,

Gaisuwa da fatan ka tashi lafiya, ka kuma samu ka ci wani abu. Saƙon muryarka ya iso ina cikin aji, na fita bayan ofis na saurara, na sake saurara. Tun rasuwar ban ji ka yi magana mai tsawo haka ba. Kukan da ka yi kar ka ji kunyarsa, na daɗe ina jiransa. Ni ma na taya ka, har ɗalibaina suka ɗauka wani rashin aka sake yi mana.

Ka ce launin ya ɓace maka, hannuwanta kawai kake gani, sai ƙamshin masa, don daga kan kwanon masar da ta kawo muku ta kwance ƙyallen. Ka ce ka kasa, ka ba ni haƙuri. Ba ka kasa ba, Baban Ummi. Masar nan ni na soya ta. Ina tsaye ta ɗaure kwanon da tsohon ɗankwalinta ruwan ƙasa mai zanen ganye, wanda garwashin turare ya ɓula a gefe ɗaya. Da yamma kwanon ya dawo ba shi, na tambaye ta, ta ce ta ba da shi aro. Ni a zatona wata maƙwabciya ta ba. Ashe sama ta ara wa.

Ɗaurin kuwa ba sai ka faɗa mini ba. Sau nawa ta kwance nawa ta ce ɗaurin 'yan boko ne, in sake? Tun ina amarya take koya mini har hannuna ya faɗa. Jibi za mu koma in Allah Ya kai mu, ka taya mu da addu'a.

Taka,
Rahama


Ƙofar Atiku, Sakkwato
Watan Maulidi

Zuwa ga maigidana, Baban Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta dawo daga tafiya da kaya a hannu. Ya lafiyarka, ya hutu, tunda na ji hutunku bai ƙare ba tukuna? Ummi na gaishe ka, ta fara dafa bango tana miƙewa, ba abin da ke tsira a ƙasa yanzu.

Yana nan. Yana cikin durowarka, a kan rigunanka.

Wanga karon ni na yi magana, ba Jamilu ba. Na faɗi ɗankwalin, launinsa, zanensa, da ɓular garwashin. Malam Maccido bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce saura maɗauri. Na ce ba ni iya faɗinsa da baki. Na ari ƙwarya wajen matarsa, na ciro ƙyallen da nake share wa Ummi baki, na ɗaure ta yadda Inna ke yi, kusurwa biyu su haɗu, sauran biyun su hau kansu, a murɗa, a cusa jelar a ƙarƙashi. Ya karɓa ya jujjuya ta, ya miƙe ya nufi rumbu.

Da ya fito da shi sai na ga ya yi mini ƙanƙanta, ashe bai fi kwanon tuwo ba. Ɗankwalin ya koɗe ta gefe ɗaya, amma ga ɓular, ga ƙullin yadda ta bar shi. Ya ajiye nawa kusa da nata, har matarsa ta matso tana kallo. Sannan ya faɗi abin da ya sa ya hana a ƙone shi ranar da ya faɗo. Ga maganarsa yadda ta fito: “Da nig ga ƙullin nan nis san ba kayan ɓanna na ba. Wanga ɗaurin guzuri na. Uwa ta taɗ ɗaure ma ɗanta.”

Ya ƙi karɓar komai, ko goro. Ya ce dai in hoton ya fito a kawo masa ya ga yadda gonarsa take daga sama, don tun yana yaro yake nomanta, daga ƙasa kawai ya san ta. Ya raka mu har bakin ruwa yana riƙe da lemar a naɗe. A mota na kai ɗankwalin hancina ina neman ƙamshinta. Babu, sai warin rumbu da ƙaiƙayin shinkafa.

Muna isowa Gidan Igwai Jamilu ya ɗauko almakashi, ya ce yanzun nan zai ciro memorin kyamarar, ɗan katin da hoton ke ciki, ya sa a kwamfuta, tunda ƙullin ya shekara ya ƙanƙame, sai an zauna an lallaɓa shi da farce. Na rungume akwatin na ce duk wanda ya sa masa ƙarfe mun ɓata har abada. Ya ɗauka wasa nake, sai da ya ga na tsayar da keke-napep.

Na ga saƙonninka duka, da kiran da ka yi ta yi jiya ban ɗauka ba. Yau kai ke kira ni ke shiru, ka ji yadda abin yake. Ka ce in bari Jamilu ya buɗe a turo maka bidiyon ta waya, ko ɗan guntu ne. Baban Ummi, tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa ƙin bin maganarka ba, amma wagga ba ni bi. Ba zan turo maka Inna ta waya ka kalle ta kai kaɗai a ɗakin da ba mai dafa ka, ka share hawaye ka koma aji, mu ƙara shekara biyu muna lafiya lau ba. In ka ce son kai ne, na yarda, son kai ne. Mijina nake so ya dawo, ko na wata ɗaya ne.

Akwai kuma abin da Jamilu ya faɗa mini a hanya wanda ban gaya maka ba. Ya ce ba shi da tabbas. Ga sanyin sama, ga faɗuwa, ga bazara guda a cikin rumbu. Mai yiwuwa memorin na nan garau, mai yiwuwa a buɗe a tarar babu komai. Tunda ya faɗa nake jin tsoron akwatin nan, in na buɗe durowa ɗaukar kaya sai in kau da kai. Muddin yana ɗaure, Inna na ciki tana dariya. Ranar da aka kwance, ko mu same ta, ko mu sake rasa ta.

Na haihu ba ka nan. Na zuba wa Inna ruwan wankanta na ƙarshe ba ka nan, ni kuma na kira ka na faɗa maka rasuwarta da bakina. Duk na ɗauka ban yi ƙorafi ba, don babu yadda za ka yi. Wanga kuwa akwai yadda za ka yi. In fuskarta ce a ciki, ina son in gan ta kana kusa da ni, Ummi na kan cinyarka. In kuwa babu komai, ba ni iya wannan rashin ni kaɗai. Wallahi ba ni iyawa.

Ƙullin na nan yadda ta bar shi, ita ta ɗaure, ɗanta zai kwance. Kar ka turo mini dogon bayani, ranar saukar jirginka kawai nake jira.

Allah Shi kawo mini kai lafiya.

Matarka mai jiranka,
Rahama